Ilimi kafin hawa: wajibcin koyon tuƙin moto a hannun masana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta, ya hore wa ɗan Adam abin hawa domin ya kai shi inda ƙafa ba ta kaiwa sai da wahala. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, muna yi wa kanmu wasiyya, muna kuma yi muku, da tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a masallaci da kasuwa, da kuma bisa hanya. Maganarmu ta wannan fitowa ta shafi moto, wanda wasu ke kira babur. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, duk wanda ya yi niyyar hawan moto, wajibi ne a kansa ya fara zama gaban wanda ya san aikin, ya koyi tuƙi da dokokin hanya, kafin ya shiga cikin bayin Allah da shi. Wannan hukunci ne na addini, kuma za mu kawo dalilansa, in Allah ya so.

Ni'imar da ta zo da nauyi

A cikin suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya lissafa dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominsa, sannan ya sanar da mu cewa yana halittar waɗansu abubuwa da mutane ba su sani ba. Da yawa daga malaman zamaninmu sun fahimci cewa mota da jirgi da moto suna shiga cikin wannan ishara. Kuma babu mai musun alherin moto a ƙasarmu. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Shi ke kai malamin makaranta wurin aikinsa, ya kai manomi kasuwar mako da kajinsa da buhun wakensa. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni, samari masu ɗimbin yawa da kabu-kabu suke ciyar da iyayensu, suke yin aure, suke rufa wa kansu asiri.

To amma mu dubi yadda mafi yawan ɗiyanmu ke koyon hawansa. Aboki ne ke ɗaukar yaro bayan la'asar ya kai shi filin ƙwallo ko bayan gari, ya nuna masa yadda ake tada moto da yadda ake tafiya, ya nuna masa birkin ƙafa. Maraice biyu ko uku, da zarar yaro ya daina faɗuwa, sai a ce ya iya. Washegari ya hau kwalta, jibi ya ɗauki mahaifiyarsa a baya. Wanda ya koya masa, shi ma haka aka koya masa. Babu wanda ya gaya musu wane ne ke da haƙƙin wucewa a mahaɗar hanya, ko tsawon mita nawa moto ke ci kafin ya tsaya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Sakamakon haka kuwa ba ɓoyayye ba ne ga limaman da ake kira sallar jana'iza, da likitocin da ke ɗakin karɓar gaggawa, da masu ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta faɗa a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa bisa hanyoyin duniya a shekara guda, wato fiye da mutum dubu 3 kowace rana. Ta ce haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu moto. Kuma nahiyarmu ta Afirka ita ce kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, kimanin mutum 19 cikin kowane dubu 100, alhali motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi ba.

Dalilan wajibci

Kowane almajiri a ƙasar nan ya san littafin Ahalari, domin da shi ake buɗe karatun fiƙihu. Tun a shafukansa na farko mai littafin ya koya mana cewa baligi ba shi da izinin shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya kuma tambayi masana. Imamul Buhari ma ya ware babi a cikin Sahihinsa domin ya nuna cewa ilimi shi ke gaba da magana da aiki. Mun saba jin wannan ƙa'ida a kan alwala da salla da ciniki. Ai kuwa ta fi ƙarfi a kan aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke iya zubar da jinin musulmi.

Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Haɗarin moto guda ɗaya yana iya taɓa huɗu daga cikinsu a lokaci guda. Ya kashe rai, ko ya taɓa ƙwaƙwalwa mutum ya rasa hankalinsa, ya bar marayu, ya cinye abin da gida ya tara wajen jinya. A suratul Baƙara, aya ta 195, Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, haka kuma a suratun Nisa'i, aya ta 29, ya hana mu kashe kanmu. A suratul Ma'ida, aya ta 32, ya girmama rai guda har ya daidaita kashe shi da kashe mutane baki ɗaya. Tsare rai wajibi ne, kuma malamai sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Mai moto ba ya iya tsare ransa da na jama'a sai da sanin tuƙi. Saboda haka neman wannan sani ya hau kansa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya ji wa wani musulmi ciwo. Kibiya ke nan, a hannun mai tafiya a ƙasa. To yaya ƙarfen da ya kai nauyin buhun gero, yana gudu a tsakiyar kasuwa, a hannun wanda bai san yadda zai tsayar da shi ba?

Malaman wannan zamani ma ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna zamanta na 8 a birnin Bandar Seri Begawan na ƙasar Burunai, a watan Muharram na shekarar 1414, daidai da watan Yuni na 1993, a zamanin da ɗan ƙasarmu Hamid Algabid ke riƙe da muƙamin babban sakataren ƙungiyar. A wannan zama ta fitar da hukunci mai lamba 71 a kan haɗurran hanya. Ta tabbatar cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne a addini, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a kan abin da suka tsara saboda maslahar jama'a, kuma hukuma tana da ikon hukunta wanda ya keta su, har da tara. Dokar hanya ta ƙasarmu ta ware wa moto nasa rukunin takardar izinin tuƙi, wadda muke kira parmi. Neman wannan takarda ta hanyar karatu da jarrabawa yana cikin wannan biyayya.

Jinin da ke wuyan mahayi

Ya ƴan'uwa, jahilci ba ya sauke wa mahayi alhaki. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke ɗauke da lamunin duk ɓarnar da ta auku. Hikimar a fili take: ya ɗora hannunsa a kan rayukan mutane ba tare da ya cancanta ba. Haka wanda ya ɗauki fasinja alhali bai koyi tuƙi ba. Kuma a cikin Risala, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani ya kawo hukuncin mazhabarmu ta Malikiyya cewa mai kora dabba, da mai janta, da mahayinta, duk suna lamunce abin da ta taka. Dabba tana da nata rai da nata hali, amma duk da haka aka ɗora wa mahayi. Moto kuwa ba ya motsi sai yadda hannunka ya juya shi.

Wanda ya kashe mutum da moto ta hanyar ganganci ko sakaci ko rashin iyawa, hukuncinsa a mafi yawan lokuta shi ne na kisan kuskure, wanda Allah ya bayyana a suratun Nisa'i, aya ta 92. Abu biyu ke hawa: diyya da kaffara. Diyya haƙƙin magada ce, kuma malamanmu sun ƙaddara ta da raƙuma 100, ko dinari 1000 na zinariya, ko dirhami dubu 12 na azurfa, dangin mai kisan su haɗa a cikin shekara 3. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, kuma a zamanin da babu bawan da za a ƴanta, ita ce azumin wata biyu a jere. A al'adarmu, idan haka ta faru, dattawa kan je gidan mamaci a ba da haƙuri, iyalinsa su ce sun yafe, Allah ne ya kawo. Wannan hali ne mai kyau, Allah ya saka musu. Sai dai yafewarsu diyya kawai take saukewa. Azumin kwana sittin yana nan a wuyan mahayi har ya yi shi. Mutum nawa ne ke yawo a cikinmu da wannan bashi, ba su ma san yana kansu ba?

Abin da ake koya wa sabon mahayi

Wani zai ce, me ake koyarwa a makarantar tuƙi wanda aboki ba zai nuna mini ba? Bari mu ɗan buɗe muku, domin ku ga girman abin da ake tsallakewa.

Karatu yana farawa ne a zaune, da dokokin hanya, abin da ake kira kod. A nan ake sanin ma'anar alluna da zanen da ke kan kwalta, da cewa a ƙasarmu hannun dama ake bi, da cewa a mahaɗar da babu wata alama wanda ya fito daga damanka shi ke fara wucewa. A nan ake sanin yadda ake shiga shataletale da yadda ake fita, da wuraren da aka hana wuce na gaba, kamar kwana da kan tudu, da dalilin tsayawa ga jar wuta ko da babu ɗan sanda a wurin.

Daga nan sai duba moto kafin a tada shi: iskar taya da lafiyarta, birkin gaba da na baya, fitilar gaba da ta baya da fitilun juyawa, man inji, da sarƙa ko ta saki. Madubai biyu da samarinmu ke cirewa ran da aka sayo moto, wai don ado, su ne idanun mahayi na baya. Wannan dubawa ba ta kai tsawon alwala ba.

Sannan a fita fili, inda babu motoci. Abin da ake fara koya shi ne tafiya a hankali, domin gudu kowa na iya yi, riƙe moto a tafiyar ƙafa shi ne gwaninta. Ana jera alamu a ƙasa mai koyo ya riƙa ratsa su, ya yi kwana a ƙuntataccen wuri, ya tashi a kan gangare ba tare da ya koma baya ba. Ana koya masa ya ɗaga kai ya dubi inda yake son zuwa, saboda moto yana bin idon mahayinsa: wanda ya ƙura wa rami ido, a ramin zai faɗa. Ana koya masa ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, kuma ya waiga da kansa kafin ya sauya hannu, domin akwai gefen da madubi ba ya nunawa.

Babban darasi shi ne na birki. Da yawa daga masu koyon bayan gari suna tsoron birkin hannu, suna cewa yana kifar da mutum, sai su dogara ga na ƙafa kaɗai. Alhali masana sun tabbatar cewa birkin gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa. Abin da ake koya shi ne a haɗa su biyun, a matsa na gaba sannu a hankali ana ƙarawa, ba a fizge shi ba, kuma a sassauta masa a kan rairayi ko tsakuwa ko laka. Ana maimaita tsayawar gaggawa sau da yawa a fili, har hannu ya saba, domin ranar da yaro zai ɓullo daga lungu babu lokacin tunani.

Ana kuma koyar da lissafin da ya kamata kowane mahayi ya haddace. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato ƙiftawa da bismilla. Tsakanin ganin haɗari da kama birki, mutum mai lafiya yana ɗaukar kimanin daƙiƙa guda, saboda haka waɗannan mita 14 sun tafi tun birki bai fara aiki ba. Idan ka ninka gudunka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkuwa sau huɗu. Kuma wanda ya yi karo da bango a gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10. Domin haka ake umartar mahayi ya bar aƙalla tazarar daƙiƙa 2 tsakaninsa da abin da ke gabansa, ya ƙara idan ana ruwa ko hazo ko da dare. Ranar da aka taso daga Arfa a hajjin bankwana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji mutane suna tsananta wa raƙumansu, sai ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun aikin alheri da gaggawar tafiya. Buhari ya ruwaito shi daga Ibnu Abbas. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Malamin kirki yana kuma karantar da haɗurran da suka keɓanci hanyoyinmu. Rairayin da iska ke zubawa a gefen kwalta. Hazon hunturu da ke rufe gani. Ramukan da ruwan damina ke ɓoyewa. Awaki da jakuna da amalanken shanu da ke tafiya da dare babu fitila. Manyan motocin da ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, waɗanda direbansu ba ya ganin moton da ya laɓe a gefensa ko a gindinsa: in ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Akwai kuma wanda ya shafi tufafinmu. Babbar riga da rawani, da zane da dogon hijabin mata, in ba a tattare su ba, suna shiga sarƙa ko ƙafar baya su fizgo mutum ƙasa. Sutura wajibi ce, kuma ba ta hana a naɗe gefen tufa a zauna a kansa. Haƙƙin mahayi ne ya duba wannan kafin ya tashi da ƴar'uwarsa ko matarsa.

Ana koyar da cewa nauyi yana sauya halin moto, yana ƙara tazarar tsayawa, kuma an ƙera shi ne domin mutum biyu. Magidancin da ya ɗora ɗiya huɗu zuwa makaranta, ɗaya a kan tanki, ya sani ya ɗora gidansa duka a kan taya biyu. Ana koyar da cewa mai amsa waya yana tuƙi, haɗarinsa ya ninka kusan sau 4, kamar yadda OMS ta bayyana. Ƙwayoyi irin su tiramol, da wasu ke sha wai don su jure aiki, haramun ne a kan kowa, kuma a kan mahayi haramcin ya ninku. A ƙarshe ana nuna abin da za a yi idan haɗari ya auku: a tsare wurin don kada wata mota ta ƙara, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kada a ciccibi wanda ya ji rauni a wuya ko baya a jefa shi a kan wani moto, kada a fizge masa hular kwano, kada a ɗura masa ruwa.

Hular kwano da tawakkali

Hular kwano, wadda muke kira kaske, ita ce abin da mutanenmu suka fi ƙi. Wani ya ce zafi, wani ya ce tana ɓata hula, wani ya ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. OMS ta ce sanya ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Yadda ya kamata kuwa shi ne ta zama ta gaske mai ƙwari, daidai kan mai ita, an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka rataya a hannun moto, ko aka ɗora a ka don ganin jandarma, ba ta tsare kowa. Kuma wanda aka goya a baya, kansa bai fi na mahayi tauri ba.

Amma mai cewa ƙaddara, to mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Sai dai wa ya fi Manzon Allah tawakkali? Ga shi ranar Uhudu ya sanya sulke biyu, kuma ranar buɗe Makka ya shiga garin da kwalkwali a kansa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Anas. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambaye shi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi ya ɗaure ta tukuna, sannan ya dogara. Sayyidina Umar ma, da ya ji labarin annoba a Sham, ya juya da jama'arsa daga Sargu, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa gudun nan ma a cikin ƙaddarar Allah yake. Riƙon sababi umarni ne, kuma ranar ƙiyama ba za a tambaye ka ajalin wanda ka kaɗe ba, za a tambaye ka abin da ka yi da hannunka. Addu'ar hawa, wadda aka ciro daga suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da ta 14, sunna ce, mu riƙe ta. Ku lura cewa a ƙarshenta tana tunatar da mahayi komawarsa ga Ubangijinsa. Wanda ya karanta ta da fahimta ba zai ɗaga ƙafar gaban moto a tsakiyar ayarin biki ba.

Wani kuma zai ce kuɗin makarantar tuƙi sun yi yawa. Mun san halin da talaka ke ciki. Amma wanda ya iya tara kuɗin moto, ya lissafa kuɗin koyo da na hular kwano a cikin kuɗin saye, kamar yadda mai sayen doki ke lissafa linzami. A gwada su da kuɗin ɗorin cinya, ko na wata uku a kwance babu sana'a. Rigakafi ya fi magani. Wanda kuma ya ba da kuɗi a bayan fage aka miƙo masa parmi ba tare da jarrabawa ba, ya haɗa laifi biyu: rashawa, wadda Annabi ya la'anci mai ba da ita da mai karɓarta, da shaidar zur a kan kansa cewa ya iya abin da bai iya ba. Dattijon da ya shekara ashirin yana hawa, kada ya ji kunyar zama a koya masa. Mu ma da furfurarmu muke komawa gaban malamai a gyara mana Fatiha. Matambayi ba ya ɓata.

Kira ga kowa

Ya ku iyaye, kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kada ka miƙa wa ɗanka makullin moto sai ka tabbata ya kai shekarun da doka ta yanka, ya yi karatun tuƙi, yana da hularsa. Yaro ɗan shekara 12 da aka aika cefane a kan moto, in ya kashe kansa ko wani, wanda ya aike shi yana da kaso a cikin alhakin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya ku masu hali da ke sayen moto kuna ba samari su yi kabu-kabu, ku tambayi parmi kafin ku tambayi kuɗin da za a kawo muku kullum. Kada ku yanka musu abin da ba ya samuwa sai da gudun ganganci. Ya ku ƴan kabu-kabu, sana'arku halal ce, kuma fasinja amana ne tun daga hawansa har saukarsa. Shugabannin tashoshinku su sa sharaɗi kada a karɓi sabon shiga sai ya yi horo.

Ya ku shugabannin ƙungiyoyin addini da kwamitocin masallatai, filayen idi da harabar madarasu suna nan babu kowa a mafi yawan kwanaki. A nemi malaman makarantun tuƙi, da jami'an hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da ƴan sanda da ma'aikatan lafiya, a tara samarin unguwa a yi musu horo da harshen da suke ji. Mawadata su ɗauki nauyin marasa ƙarfi. Annabi ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Wanda ya biya wa matashi kuɗin koyon tuƙi ya kawar da cutar da ta fi ƙaya da dutse, kuma muna kyautata zaton ladansa zai ci gaba muddin yaron na hawa lafiya. Hukumomi kuma muna roƙonsu su sauƙaƙa kuɗin parmin moto, su kusanto da wuraren jarrabawa ga mutanen karkara, su tsare gaskiya a cikinta.

Ya Allah, ka sanar da mu abin da zai amfane mu, ka amfane mu da abin da ka sanar da mu. Ka tsare mu da ɗiyanmu a fitarmu da komowarmu. Kada ka sanya jinin wani bawanka a wuyanmu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu bisa hanya, ka ba masu jinya lafiya, ka rufa wa marayunsu asiri. Ka shiryi samarinmu, ka sanya albarka a cikin sana'arsu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.